Idan Ƙwayar Harsashi Ta Ƙi Zama Daram a Wuyan Kwanso

A Amurka, mafarauta da masu gasar harbi da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba. Suna tattara shi, su wanke, su sake cika shi a gida, kuma doka ta yarda muddin don amfanin kansu ne. Wannan shawara ta wanda ke zaune a irin wannan ƙasa ce. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gidansa, don haka can babu zancen.

To ga matsalar. Ka zaunar da ƙwayar a wuyan kwanso, ka taɓa ta da yatsa, sai ka ji tana juyawa, ko ta nutse ciki. Kada ka harba wannan harsashi. Ƙwayar da ta nutse tana rage wa albarushi fili, matsi ya haura fiye da yadda aka tsara, kuma fuskarka ce a bayan bindigar. Wadda ta zamo waje kuwa tana iya maƙalewa a bututu idan ka zare harsashin, albarushi ya watse cikin bindiga. Ware duk rukunin gefe guda, gobe da safe ka bi waɗannan matakai.

1. Fara da awo, kada ka taɓa komai tukuna. Abin da ke riƙe ƙwaya shi ne wuyan kwanso ya ɗan fi ta ƙanƙanta kafin ta shiga. Yawancin masu harkar suna neman bambancin inci 0.002, wato kusan milimita 0.05. Auna kaurin wuyan daga waje bayan ka matse shi, ka zaunar da ƙwaya, ka sake aunawa. Idan lambar ba ta ƙaru ba, ko ƙarin bai kai inci 0.001 ba, wuyan bai riƙe ƙwayar da kyau ba. Maikuromita ya fi dacewa da wannan aiki, domin ido ba ya ganin irin wannan bambanci.

2. Auna ƙwayar ita ma. Abin yana da sauƙi, amma yana kama mutane. Ƙwayar .308 Winchester da ta .30-06 faɗinta inci 0.308 ne, ta .303 British kuwa 0.311 zuwa 0.312. Duka a ido iri ɗaya suke. Ka sa ta farko a kwanson ta biyu, dole ta yi sako-sako. Haka ta .270 Winchester, mai 0.277, take yi a kwanson milimita 7 da ke son 0.284.

3. Duba zaman mamatsin kwanso a kan injin cika harsashi. Idan ba a murɗa shi ya sauka yadda takardar kamfanin ta ce ba, wani ɓangaren wuyan kawai yake matsewa. Shafa baƙar maka a wuya, ka tura kwanson ciki, ka fito da shi. Inda tawadar ta goge, nan ƙarfen ya kai. In mamatsin Lee mai sandar tsakiya kake amfani da shi, shi yana son a danna hannun injin da ƙarfi sosai. Juya kwanson rabin zagaye ka sake dannawa.

4. Yanzu ƙwallon buɗa wuya. A ganina nan laifin ya fi yawa. A cikin mamatsi na yau da kullum akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe a jikin sandar da ke ture tsohuwar firaima, wato 'yar hular gindin kwanso mai kunna albarushi. Mamatsin yana tsuke wuyan fiye da kima, sannan ƙwallon ya buɗe shi daga ciki lokacin da kwanson ke fitowa. Ke nan girman ƙwallon ne ke yanke hukunci. Kwance shi ka auna. Na ƙwaya mai 0.308 ya kamata ya tsaya wajen 0.306. Idan ka ga 0.308 ko fiye, ka kama ɓarawon. Wani lokaci ma ƙwallon wani mamatsin ne aka ɗaura bisa kuskure, musamman a kayan da aka saya na hannu. Mafi sauƙi ka nemi sabo daga kamfanin. In kana son gyara da kanka, ɗaura sandar a injin huda, ka goge ƙwallon da samfefa mafi laushi, daƙiƙa kaɗan ka tsaya ka auna. Abin da ka goge ba ya dawowa, don haka a hankali.

5. Mai amfani da mamatsi mai bushin, wato zoben da ke tsuke wuya, irin Redding Type S, lissafinsa daban ne. Auna wuyan harsashin da aka riga aka cika, ka cire inci 0.001 zuwa 0.002, lambar bushin ɗinka ke nan. Amma kaurin bangon wuya ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Bushin da ya yi wa kwanson Lapua daidai yana iya yi wa wani mai siririn bango yawa. Raba kwansonka bisa tambarin da ke gindinsa, kada ka gauraya.

6. Tambayi kanka sau nawa aka harba wannan kwanso. Tagullar harsashi kashi 70 jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya, kuma duk lokacin da ta buɗe aka sake matse ta, ƙara tauri take yi. Idan ta taurare, mamatsi zai tsuke ta, amma da ta fito sai ta koma baya. Alamarta ita ce rashin daidaito: wannan ƙwaya ta shiga da ƙyar, ta gaba ta zurma kamar ba komai. Maganin shi ne wanda maƙeran tagulla suka sani, a gasa ta ta yi laushi. Wuya da kafaɗa kaɗai ake gasawa, kuma kwanson ya zama fanko, babu firaima babu albarushi. Zafi kada ya kusanci gindi, domin taurin gindin ne ke tare matsi. Akwai fenti mai narkewa a ƙayyadadden zafi, Tempilaq, wanda ake shafawa don a san lokacin janye wuta. Kwanson da ya yi ja wur ya lalace. In ba ka da kayan yin wannan da kyau, sayi sabon kwanso. Wanda wuyansa ya tsage ko da kamar gashi, kwandon shara.

7. Kada ka rufe matsalar da ɗame baki. Mutane da yawa suna ganin ƙwaya ta yi sako-sako sai su ƙara matse bakin kwanso a kanta. Idan aka wuce gona da iri, dalmar ciki tana lotsawa ta zauna a haka, tagulla kuma ta ɗan koma baya, riƙon ya ƙara lalacewa. Ɗame baki yana da wurinsa: bindiga mai dogon gidan harsashi a ƙarƙashin bututu, kamar Winchester 94 da Marlin 336 masu cin .30-30, inda harsasai ke tokare juna, da wasu masu loda kansu. A can ma ƙari ne a kan wuyan da ya riga ya riƙe.

8. Waɗanda ka ware fa? Zare ƙwayoyinsu da abin zare ƙwaya, ka juye albarushin, ka sake matse wuyan kafin ka mayar. Wuyan da aka zare wa ƙwaya ya riga ya buɗe. Goge man da ka shafa don matsewa in ya rage a cikinsa ma.

9. Gwada da na banza kafin na gaske. Haɗa guda biyu ko uku babu firaima babu albarushi, ka auna tsawon kowanne, ka danna tsininsa da ƙarfi a gefen teburin katako, ka sake aunawa. Sannan ka loda su a bindiga ka fitar sau da dama, ka auna kuma. Tsawon bai canja ba? Ci gaba da aiki. Rubuta girman ƙwallo ko bushin, da sunan kwanso, da yawan harbinsa a jikin akwatin. Tsawon harsashi da yawan albarushi kuma daga littafin Lyman, Hornady ko Speer za ka ɗauko su.