Darasi: Kula Da Idon Kare

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kare ne mai gadin gida da garke da dare. Da shi kuma ake zuwa farauta. In idonsa ya lalace, aikinsa ya tsaya.

Ƙurar hunturu da ƙaya da ƙarangiya sukan jawo wa kare ciwon ido. Idon yakan yi ja, ya yi hawaye da kwantsa. Karen yakan riƙa susa da ƙafa. In an ƙyale shi, hakiya tana iya fitowa, har ya makance.

Ga abin da za a yi. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri cokalin shayi 1, a bari ya huce. A ɗaure bakin karen don kada ya yi cizo. A wanke idon da tsumma mai tsabta, safe da yamma. Sannan a wanke hannu da sabulu. Kada a zuba masa garin taba ko barkono.

In kwana 2 sun wuce babu sauƙi, ko kuwa akwai majina da tari, a kai shi wurin malamin dabbobi. Karen da yake dalalar da yawu yana cizon komai, kada a taɓa shi. Alamar haukan kare ce. A sanar da malamin dabbobi nan da nan.

Tambayoyi
1. Me yake jawo wa kare ciwon ido?
2. Wane kare ne ba a taɓawa?