Kalmar "Arewa" Da Gardamar Jam'iyyu A Kaduna Gabanin Zaɓen 1959

Gabatarwa

Ranar 12 ga Disamba, 1959, aka yi babban zaɓen da ya fitar da gwamnatin da ta karɓi mulkin kan Nijeriya daga hannun Turawan Ingila a 1960. Manyan jam'iyyu uku ne suka ja daga, kowacce kuwa da jihar da ta kafa gindinta: NPC a Arewa, NCNC a Gabas, Action Group a Yamma. (A wancan zamani, in an ce "jiha" ana nufin ɗaya daga cikin waɗannan manyan sassa uku ne.) Masana tarihi sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan zaɓe. Abin da za a duba a wannan maƙala ɗan ƙarami ne, amma ya shafi ɗalibin harshe, watau yadda kalma guda, "Arewa", ta zama abin jayayya tsakanin 'yan siyasar jihar, da kuma dalilin da ya sa jam'iyyar da ta riƙe kalmar ta yi rinjaye. An zaɓi Kaduna ne domin a nan gwamnatin jihar take zaune, a nan kuma aka raɗa wa jam'iyyar suna.

Garin da ba shi da sarki

Kaduna ba ta cikin tsofaffin biranen ƙasar Hausa. Turawa ne suka gina ta a ƙasar Gwarawa, cikin yankin masarautar Zazzau, suka mai da hedikwatarsu nan daga Zungeru a 1917. Ba ta da ganuwa, ba ta da fada irin ta Kano ko Katsina. Kogi ya raba ta biyu. A kudu akwai mahaɗar jirgin ƙasa da masaƙar Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957. A arewacin kogin kuwa nan ne mulki yake: zauren majalisa na Lugard Hall, da ofisoshin ma'aikatu, da barikin soja, da gidan Firimiya. Mazauna unguwanni irin su Tudun Wada da Doka da Unguwar Shanu galibinsu baƙi ne da aiki ko fatauci ya kawo, Hausawa da Nufawa da Barebari da Yarabawa da Ibo da mutanen kudancin Zariya. A 1956 aka ware garin daga hannun En'e ta Zazzau aka mai da shi yankin hedikwata mai cin gashin kansa.

Abin lura a nan shi ne, a irin wannan gari ne mutum yake fara buƙatar sunan da ya fi na garinsu faɗi. Bakano a Kano Bakano ne, ba ya neman wani suna. Amma akawun da ya zo daga Kano, ya tarar da ɗan Bida da ɗan Yerwa a ofis ɗaya, kuma babban akawun da ke bisa kansu mutumin Kudu ne, nan da nan zai ga abin da ya haɗa shi da waɗancan biyu. Kalmar "arewa" asalinta sunan jiha ce daga cikin jihohin nan huɗu na gabas da yamma da kudu da arewa. A bakin ma'aikatan Kaduna da Zariya ne ta tashi daga nuna wuri ta koma sunan jama'a, har aka sami "ɗan Arewa" da "'yan Arewa". Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ƙungiyoyin 'yan boko na Kaduna da Zariya suka haɗu, suka yi babban taronsu na farko a Kaduna cikin Yuni 1949, da sunan Jam'iyyar Mutanen Arewa, Dokta R. A. B. Dikko yana shugaba. Ƙungiyar raya al'adu ce a lokacin. Sai a Oktoba 1951 ta zama jam'iyyar siyasa, daga baya kuma ragamarta ta koma hannun Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello.

Fassara uku ga kalma ɗaya

A wurin NPC, Arewa ƙasa ce guda mai jama'a guda, ba a duban addini ko ƙabila ko muƙami, kamar yadda takenta ya nuna. Ba ta karɓar wanda ba ɗan jihar ba, kuma a 1959 ba ta tsai da ɗan takara da sunanta a Gabas ba. Hujjarta ta samo ƙarfi daga abin da ya faru a 1953, sa'ad da Anthony Enahoro ya kawo batu a majalisar Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce a jira sai lokacin da ya dace. Aka yi musu ihu a titunan Ikko, aka kira su 'yan koren Turawa. Da suka dawo Kaduna, majalisun jihar suka amince da wasu sharuɗɗa takwas waɗanda kaɗan ya rage su zama ɓallewa. Tun daga nan maganar NPC ba ta sake ba: Kudu ta riga Arewa yin boko, in aka yi sake Bature zai tafi ɗan Kudu ya hau kujerarsa. Maganin da ta kawo shi ne fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati. In babu ɗan jiha da ya cancanta, a ɗauki Bature na ƙayyadadden lokaci, ɗan Kudu sai in ya zama tilas. Ga matashin da ya gama midil yana neman aikin akawu a Kaduna, wannan magana ce ta tuwo da miya.

NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta karanta kalmar ta wata fuska. Sunanta na Turanci yana ɗauke da kalmar Arewa, amma sunan da talakawa suka san ta da shi, Jam'iyyar Neman Sawaba, ba ya ɗauke da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ganin Malam Aminu Kano da abokansa, Arewa biyu ce, ta sarakuna da ta talakawa, kuma wanda ya ce ɗaya ce yana rufe zancen haraji da jangali da aikin tilas da shari'ar son rai. Abokin gabar manomi, in ji su, yana zaune a gidan hakimi, bai zo daga Ikko ba. Don haka ba su ga laifin ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe ba. Kalmar "sawaba" ma ba ta tsaya a iyakar da Turawa suka shata ba, domin a ƙasar Nijar jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauki wannan suna, ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959.

Gardamar ta riga zaɓen shiga adabi. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta "Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya", inda ya yi wa sarakuna gargaɗi su gyara mulkinsu kafin ya kuɓuce musu. Alhaji Mudi Sipikin ya mayar masa da "Arewa Jumhuriya Kawai". Dukan waƙoƙin biyu da kalmar suka buɗe sunansu. Ba su yi saɓani a kan akwai Arewa ba, saɓaninsu a kan wa zai riƙe ta ne.

Masu fassara ta uku su ne suka taɓa tushen kalmar. UMBC, wadda Joseph Tarka ya zama shugabanta a 1957, ta ce Tibi da Birom da sauran ƙabilun tsakiyar ƙasa ba su ga kansu cikin wannan suna ba, a yanka musu jiharsu dabam. A Ilori wasu suna neman a haɗa su da Yamma. A Barno kuma Ibrahim Imam, wanda ya taɓa zama babban sakataren NPC, yana da tasa ƙungiyar ta samarin Barno. Hukumar Willink ta saurari koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, ba ta ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi ba. Action Group ta ga ƙofa a nan, ta rungumi waɗannan ƙungiyoyi, Cif Awolowo ya ratsa Arewa yana yaƙin neman zaɓe da jirgin sama mai saukar ungulu. NPC ta amsa da abu biyu: ta nuna ministocinta Kirista, irin su Michael Audu Buba, ta kuma tunatar da cewa 'ya'yan makarantun mishan na tsakiyar ƙasa suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar fifita 'yan Arewa a aiki.

Lissafin kujeru

To, me ya sa fassarar NPC ta ci? Sau da yawa akan ce kishin jiha ne kawai. Akwai wannan, amma bai isa amsa ba, sai an duba lissafi. Majalisar Wakilai ta 1959 tana da kujeru 312. An raba su bisa yawan jama'a: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Jam'iyya tana buƙatar 157 ta kafa gwamnati ita kaɗai. Ke nan in aka tara Gabas da Yamma da Ikko gaba ɗaya, 138 za a samu, ba su kai ba. NCNC da Action Group dole ne su shigo Arewa neman ƙuri'a. NPC kuwa ba ta da bukatar ƙetare Kwara ko Binuwai ta shiga wata jiha, abin da take nema shi ne kada gidanta ya tsage. Tsarin mulkin da kansa ya mai da kalmar "Arewa ɗaya" jari. Duk kujerar da NEPU ko UMBC ta ci, ana iya nuna wa mai zaɓe cewa an miƙa ta ga Azikiwe ko Awolowo, kuma a lissafin majalisa haka ɗin ne.

Abu na biyu shi ne En'e. A yawancin lardunan Arewa, mai son yin lacca sai ya nemi izni daga En'e, 'yan doka nata ne, kotun alƙali da gidan yari ma nata ne, hakimai da dagatai kuwa galibinsu NPC suke yi, 'yan takararta da dama ma'aikatan En'e ne. An ɗaure 'yan NEPU masu yawa bisa laifin yin taro ba izni ko zagin sarki, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba. A nan Kaduna ta sha bamban, tun da babu sarkin yanka a cikinta, amma kujerarta digo ce cikin 174. Garin da ya haifi kalmar ba shi ne ya ba ta ƙuri'un ba. Ƙauyuka ne suka bayar, ta hannun masu sarauta.

Daɗin daɗawa, gwamnatin jiha ta shiga zaɓen da abin nunawa a hannu. Ranar 15 ga Maris, 1959, Arewa ta sami mulkin kanta na cikin gida, ranar da ta yi daidai da ranar da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna cikin watan Mayu. Wanda ya ga sarakunan jihar da dawakinsu a fili guda, ya ga "Arewa ɗaya" da idonsa watanni kaɗan kafin ya jefa ƙuri'a. Ita kanta ƙuri'ar da alama ake jefa ta, domin yawancin masu zaɓe ba su yi boko ba. Kowane ɗan takara da akwatinsa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, itacen kwakwa na Action Group. 'Yan NPC suna cewa "Salama", 'yan NEPU suna cewa "Sawaba". Mata kuwa ba su yi zaɓe a Arewa ba a wannan shekara, ko da yake NEPU ta nemi a ba su dama.

Da aka ƙidaya, NPC ta sami kujeru 134, dukansu a Arewa. NCNC da NEPU suka sami 89, takwas daga ciki na NEPU ne, har da ta Malam Aminu a Kano ta Gabas. Action Group da ƙawayenta suka sami 73, 25 daga ciki a Arewa. NEPU ta tara ƙuri'u wajen rabin miliyan, amma da yake sun warwatsu cikin mazaɓu da yawa, kujeru takwas kaɗai suka haifar. Wannan ya nuna cewa masu ƙin fassarar NPC ba kaɗan ba ne, tsarin wanda ya fi yawa ya kwashe duka ne ya ƙanƙanta su. Bugu da ƙari, 89 da 73 sun kai 162, watau sun haye 157. Da Azikiwe da Awolowo sun shirya, da NPC ta zauna a kujerar adawa. Ba su shirya ba. NCNC ta haɗa gwamnati da NPC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, NEPU ta wayi gari tana gefen gwamnati a Ikko tare da jam'iyyar da take yaƙa a gida. Sardauna, shugaban jam'iyyar da ta fi kowa kujeru, bai koma Ikko ba. Ya yi zamansa a Kaduna yana Firimiya.

Bayan haka

Sojoji sun rushe jam'iyyun nan duka a 1966, a 1967 kuma Janar Gowon ya raba jihar Arewa gida shida, aka sami Binuwai-Filato, wadda ta yi kusa da abin da UMBC ta nema. Masu tsara dokar ƙasa ta 1979 sun tuna da lissafin 1959, suka hana yin rajistar jam'iyyar da sunanta ko alamarta ke nuna yanki ko ƙabila ko addini, suka kuma shar'anta cewa shugaban ƙasa sai ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Sunan Arewa ya fita daga takardar zaɓe, ya saura a bakin jama'a da kuma ƙofar tsohon gidan Firimiya, wanda ya zama Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Gardamar da ke tsakanin Salama da Sawaba kuwa ta sake dawowa Kaduna da sababbin sunaye. A 1979 Alhaji Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar Malam Aminu, ya ci gwamnan jihar Kaduna, NPN ta sami rinjaye a majalisar da ke zama a Lugard Hall. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, sa'an nan ta tsige shi cikin Yuni 1981.