In an hana ka kuɗin naƙasa, kada ka naɗe hannu

Ma'aikaci yana aiki, ana cire wani abu cikin albashinsa kowane wata. Mai ba shi aiki shi ma yana zuba nasa kaso. Kuɗin nan suna tafiya asusun ma'aikata, wato CNSS, wanda aka kafa a Nijar a 1965. Amfaninsu shi ne ranar tsufa, da ranar da ciwo ya kayar da mutum. Saboda haka kuɗin naƙasa ba sadaka ba ne. Gumin mai aiki ne aka ajiye masa.

Wane ne ake ba waɗannan kuɗi? Doka ta sa sharaɗi uku ga wanda ciwo ya naƙasa kafin ya kai shekarun ajiye aiki. Na farko, ya yi shekara 5 da rubuta sunansa a asusun. Na biyu, a cikin wata 12 na ƙarshe an zuba masa kuɗin wata 6. Na uku, likitan da asusun ya yarda da shi ya shaida cewa ƙarfin nemansa ya ragu da kashi 2 cikin 3.

To, a wajen na ukun nan ne ake yawan faɗuwa. Mu ɗauki misalin direban babbar mota nan Gure, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama. Ya yi tafiyar da ta fi kilomita 150 zuwa Damagaram. Likita ya ce masa: "Yaya jiki?" Shi kuwa ya amsa yadda aka koya mana tun muna yara: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." An ce ya tashi ya taka, ya cije ya taka don kada a ga kasawarsa. Ba a tambaye shi ko hannunsa yana riƙe sitiyari ba, shi ma bai faɗa ba. Bayan ƴan makwanni sai ga amsa: wai bai naƙasa ba.

Kun ga, awo ya tafi ba daidai ba. Dauriya abin yabo ce a cikin gida, amma gaban likita ba wurin kunya ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu mene ne abin yi?

Da farko, ka nemi amsar a rubuce. In an ce maka da baki "ba ka ci ba", ka ce a ba ka takarda mai kwanan wata da dalili. Ranar da ka karɓe ta, ka tambayi wa'adin da kake da shi na kai kuka, ka rubuta shi. In wa'adi ya wuce, gaskiyarka ba za ta cece ka ba.

Na biyu, ka tattara shaida. Takardun asibitin Gure, da na babban asibitin Damagaram, da hoton ƙashi in an yi, da takardun magani, da takardun albashi, da katinka mai lamba. Ka nemi likitan da ya daɗe yana duba ka ya rubuta abin da ya gani. Ka yi fotokofi, ka riƙe na asali a gida cikin leda, saboda gara da ruwan sama.

Na uku, ka rubuta wasiƙar neman sake duba magana zuwa ga asusun. Akwai kwamitin da aikinsa ke nan, sauraren kukan waɗanda aka hana. Ban da zagi, ban da dogon labari. Ka faɗi sunanka, da lambarka, da aikinka, da abin da ka kasa yi yanzu: "Ba na iya taka birki. Ba na iya ɗaukar bokitin ruwa." Ka roƙi a sake auna ka. In ka miƙa wasiƙa, a buga maka hatimi bisa taka fotokofin.

Na huɗu, in har yanzu ba a ba ka gaskiya ba, akwai kotun ma'aikata. Sufeton aiki na Damagaram yana iya nuna maka hanya. Marar ƙarfi kuma yana iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don taimakon talaka a gaban shari'a.

Ƴan'uwa, duk matakan nan huɗu takarda ce da alƙalami. Wanda ya iya karatu shi zai duba kwanan wata da idonsa, ya san abin da ya sa wa hannu. In maƙwabcinka bai iya ba, ka zauna ka karanta masa.

Tambayoyi
1. Sharaɗi nawa doka ta sa? Ku faɗe su.
2. Me ya sa amsar direban ta cuce shi?
3. Don me ake neman amsa a rubuce?
4. Ku rubuta wasiƙa mai layi 5 da sunan direban nan.