Cin hanci a lokacin yalwa: darasi daga tarihin Amurka

Mun saba jin ana cewa talauci ne ke sa ma'aikaci cin hanci, wai da ƙasa ta samu sai hannuwa su tsarkaka. A darasinmu na yau za mu duba wata ƙasa da dukiya ta zubo mata kamar ruwan tsakiyar damina, mu ga ko zancen haka yake.

Bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka a 1865, masana'antun ƙarfe da haƙar gawayi da man fetur suka bunƙasa. A 1869 aka haɗa gabas da yamma da hanyar jirgin ƙasa, gwamnati kuwa ita ta ba kamfanonin filaye da lamuni. Sai shugabannin kamfanin Union Pacific suka yi amfani da wani kamfani nasu, Crédit Mobilier, suka ba kansu kwangilar aikin a kan kuɗin da ya zarce ƙima: su ne masu saye, su ne masu sayarwa. Domin kada majalisa ta sa ido, ɗan majalisa Oakes Ames ya sayar wa abokan aikinsa hannun jari da araha. Mu lura da kyau, ba wanda ya kira wannan toshiyar baki, ciniki aka ce da shi. Malamanmu kuwa sun daɗe da bayyana cewa abin da aka ba mai mulki saboda kujerarsa, sake masa suna ba ya sake hukuncinsa. Asiri ya tonu a 1872, amma a 1873 mutum biyu kaɗai majalisar wakilai ta tsawata wa.

Wata cutar ta fi wannan zurfi. A wancan zamani jam'iyyar da ta ci zaɓe ita ke raba ayyukan gwamnati ga magoya bayanta, daga gidan waya har ma'aikatar duwan, sa'an nan ta riƙa yankar wani abu cikin albashinsu domin yaƙin zaɓe. Wanda ya sami aiki ta wannan hanya, wa zai yi wa biyayya, talaka ko ubangidansa?

Ranar 2 ga Yuli 1881, wani mai suna Charles Guiteau, wanda ya yi ta neman muƙami bai samu ba, ya harbi shugaba James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta Washington. Shugaban ya rasu 19 ga Satumba. Magajinsa Chester Arthur, abin mamaki, ɗan wannan tsari ne, har an taɓa cire shi daga shugabancin duwan na New York a 1878. Shi ne ya sa hannu kan dokar Pendleton a Janairun 1883. Dokar ta ce a ɗauki ma'aikaci ta hanyar jarrabawa, ta kuma hana tilasta masa biyan jam'iyya. Da farko kusan kashi 10 cikin 100 na ayyukan gwamnatin tarayya kawai ta shafa, sannu a hankali shugabanni suka faɗaɗa ta.

Sai dai da aka toshe wannan rami, jam'iyyu suka ƙara karkata ga aljihun manyan kamfanoni. Sai a 1907 aka yi dokar da ta hana kamfanoni ba da kuɗi a zaɓukan tarayya, shekara 24 bayan dokar Pendleton.