Darasin Mako: Taron Ilimi a Ƙasar Waje da Ziyarar Abokai

Yau gidajenmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 sun fitar da malaman jami'a da likitoci, kuma akan gayyace su taron ilimi a ƙasashen waje. Taron kwana uku ne ko huɗu, amma mutum ya sha wahalar biza, ga tsadar jirgi, sai ya ce bari ya ƙara kwanaki ya ga gari, ya leƙa abokin karatu. Shin akwai laifi?

Babu laifi a haɗa buƙata biyu a tafiya ɗaya. Aya ta 198 a Suratul Baƙara ta halatta wa mahajjaci ya yi fatauci a lokacin Hajji, to balle taron ilimi. Abin lura shi ne tafiyar kashi biyu ce: kwanakin wanda ya aike ka, da kwanakinka. Ka raba su tun kana gida.

Mu fara da kuɗi, don nan aka fi zamewa. Malamin jami'ar gwamnati yakan samu kuɗin halartar taro daga TETFund ko daga makarantarsa, an ƙididdige masa jirgi, masauki da guzuri na kwanakin taro. Wannan amana ce. Ɗan kasuwa ya fi kowa ganewa: ka aiki yaronka Kano sayo kaya, ya biya ta Zariya gaida gwaggonsa, ba ka hana shi ba, amma kuɗin motar Zariya ba ya cikin lissafin shago. Haka nan. Otel na ƙarin kwanaki, jirgin ƙasa zuwa garin aboki, tsarabar gida, duk daga aljihunka. Idan ɗage ranar dawowa ya ƙara kuɗin tikiti, kai za ka cika. Ka nemi izinin ƙarin kwanakin a rubuce, a cire su daga hutunka. Rasit kuwa kada a taɓa shi da biro. Akwai kuma masu gabatar da maƙalarsu ranar farko su ɓace, sai ranar karɓar takardar shaida. Wannan fa cin kuɗin aikin da ba a yi ba ne, ko da ba wanda ya kama ka.

Biza ma alkawari ce. Bizar Shengen ta gajeren zama ba ta wuce kwana 90 a cikin kwana 180, amma abin da ya hau kanka shi ne adadin da aka buga a fasfonka, ko da kwana 10 ne. Da ita za ka iya fita daga Jamus zuwa Faransa ko Beljiyam, amma Ingila ba ta ciki, bizarta daban. Ka faɗi ziyarar tun wajen cike takarda. Wanda ya zarce wa'adi ya ɓata wa kansa, ya kuma jawo wa na baya wahala.

Sai sallah. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ana ƙasaru a tafiyar mil 48, wajen kilomita 80, kuma ba a farawa sai an wuce gidajen gari. Ke nan mutumin Agege da ke jiran jirgi a Ikeja cika sallarsa zai yi, don bai fita Legas ba tukuna. Ƙasaru yana yankewa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya, kuma ba a ƙirga ranar isowa idan bayan alfijir aka iso.

Ga misali. Ka sauka Hambug ranar Litinin da rana, taro Talata zuwa Alhamis, ka tashi Juma'a da safe. Cikakkun kwanaki uku ne, ƙasaru za ka yi. Amma idan tun farko ka ƙudurta zama wajen aboki a garin har Lahadi, kwanaki sun zama biyar, sai ka cika tun daga isowarka, Juma'a ma ta hau kanka. In kuwa abokin yana Faris ne, kwana biyu za ka yi masa, kana nan a matafiyi a garuruwan biyu. Duk inda ka bi limami mazaunin gari, ka cika tare da shi. Ka ga ke nan ƙarin kwana biyu na yawo yana sauya hukunci.

Game da mai masauki, hadisin Bukhari da Muslim ya iyakance haƙƙin baƙunci a kwana uku, ya kuma hana baƙo zama har ya ƙuntata wa mai gida. Mu da ke zaune a kudu mun san nauyin baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba. Abokinka na Turai, watakila ɗaki ɗaya gare shi, aikinsa na awa-awa ne, ranar da ya ɗauka don ya zagaya da kai an rage masa albashi, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Ka sanar da shi ranar zuwa da ranar tafiya tun da wuri, ka sayi tikitinka na jirgin ƙasa da kanka. Tsaraba kuma a yi hattara: Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama, don haka kilishin nan a bar shi a gida, a kai masa hula ko turare.