Shirin Komawa Jami'a: Aikin da Ake Yi Kafin a Fara Lacca

Kowace shekara makarantarmu takan sallami ɗalibai, wasu daga cikinsu kuma su sami gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a nan Zariya ranar 4 ga Oktoba, 1962. Wannan darasi domin su ne, da ƙannensu masu tasowa, da iyayen da za su ɗauki nauyinsu. Za mu ɗauki ɗalibin da gidansu ke Kwarbai, unguwar fadar Sarkin Zazzau a cikin birni, mu bi shi mu ga abin da ya kamata ya yi kafin zangon karatu ya kankama. Dalili kuwa shi ne, ɗalibai da yawa masu ƙwaƙwalwa sukan yi asarar zango tun ba a shiga aji ba.

Abu na farko shi ne sanin ranar komawa. Kada ka dogara da "na ji an ce". Jami'a ce ke fitar da jadawalinta, kuma jadawalin yakan motsa. A shekarar 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, abin da ya gurɓata lissafin shekarun karatu a jami'o'in gwamnatin tarayya. Saboda haka wanda ya ce yayansa a wata kaza ya koma, shi ma a nan zai koma, yana iya samun kansa a baya. Ka duba sanarwar jami'a da idonka.

Daga nan sai takardu. Sabon ɗalibi yana bukatar takardar samun gurbi ta JAMB, da sakamakon WAEC ko NECO, da takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da ƙananan hotuna. Ka shimfiɗa su duka a tabarma ka karanta sunanka a kowace. In a wata an rubuta Yusuf a wata kuma Yusufu, ko ranar haihuwa ta saɓa, to, yanzu ne lokacin gyara, ba ranar tantancewa ba da layi ya kai bakin ƙofa. Ka yi kwafin kowace takarda, ka bar saiti ɗaya a gida wurin Mama.

Yanzu bari mu zo ga rajistar kwasa-kwasai, domin a nan ne magana take. A sakandare an saba malami ya shigo, ya koyar, ya kira suna. A jami'a kai ne za ka rubuta darussan da za ka ɗauka a zango, kuma kowane darasi yana da lambarsa da nauyinsa. Nauyin nan shi ake kira kiredit. Kiredit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lacca kowane mako na tsawon mako 15. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta tsara cewa ɗalibi ya ɗauki tsakanin kiredit 15 zuwa 24 a zango. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, mai maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, maki 3. Wanda ya faɗi kuwa F ce, ba shi da ko ɗaya. Sai a ninka makin kowane darasi da kiredit ɗinsa, a tara, a raba da jimlar kiredit ɗin da ɗalibi ya yi wa rajista.

Ga misali, mu ɗauki alli mu yi lissafin tare. Ɗaliba ta yi rajistar kiredit 20, ta ci B a kowane darasi. Ashirin sau huɗu tamanin, a raba da ashirin, ta sami 4.00. Ƙawarta kuma ƙoƙarinsu ɗaya, amma wajen rajista ta bar wa mai shagon kwamfuta ya cike mata, ya sa lambar wani darasi mai kiredit 3 wanda ba shi take halarta ba. Darasin da ta zauna ta rubuta jarrabawarsa ba ya cikin rajistarta, wanda ke cikin rajistar kuma ba ta rubuta ba, sai ya fito F. Lissafinta ya koma 17 sau 4, wato 68, a raba da 20, ya ba da 3.40. Digiri mai daraja ta biyu babba daga 3.50 yake farawa, daraja ta ɗaya kuma daga 4.50. Kun ga lamba ɗaya ta sauke yarinya daga wani mataki zuwa na ƙasa da shi, alhali ba ta yi wasa da karatu ba. Kuma makin ba ya gogewa a ƙarshen zango, tare ake tafiya da shi har shekarar ƙarshe.

Don haka kafin ka tura rajista, ka nemi littafin jagora na sashenku, ka je wurin malamin da aka ɗora wa kula da ajinku ya duba maka. Bayan ka buga takardar, ka bi ta layi-layi, a sa hannu, ka adana kwafinka. Tsohon ɗalibi mai darasin da ya faɗi a baya, ya fara sa shi a rajista kafin sababbi. Ni a ganina, mai irin wannan bashi bai kamata ya cika wa kansa kiredit 24 ba don gaggawar gamawa. Kayan da ya fi ƙarfin jaki, a hanya ake sauke shi.

Maganar kuɗi ta iyaye ce da ɗa baki ɗaya. A zauna a rubuta kuɗin makaranta daban, na ɗaki daban, na mota da abinci da buga takardu daban, domin waɗannan ƙananan su ne ke cinye aljihu a mako na shida. Kuɗin makaranta a biya ta hanyar da jami'a ta bayyana kawai, a riƙe rasit. Kada a damƙa wa wani "mai hanya". Tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ba a ɗora masa ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Rance ne dai, ba kyauta ba, sai a yi shawara a gida kafin a nema.

Sai batun wurin kwana, wanda ɗan cikin birni ya fi kowa ruɗuwa a kansa, don yana ganin ai a garinsu yake. Jami'ar ba a wuri ɗaya take ba. Mai karatun shari'a ko harkokin mulki a Kongo zai zauna, kuma Kongo ba nisa daga Ƙofar Doka da Tudun Wada, ana iya zuwa daga gida a dawo. Amma babban mazaunin jami'a yana Samaru, a kan hanyar Sakkwato. Daga Kwarbai sai ka fita ganuwa, ka ratsa Tudun Wada, ka wuce PZ da Kwangila kafin ka ga ƙofar jami'a. Ka gwada wannan tafiya sau ɗaya da sassafe kafin a koma, ka duba agogo, ka ƙirga kuɗin mota zuwa da dawowa, ka ninka da kwana biyar. Lissafin zai gaya maka ko zaman gida ya fi, ko neman gado a Danfodio, 'yan mata kuma a Amina ko Ribadu. Gadajen ba sa isar kowa, wanda ya gama biyan kuɗi da rajista da wuri shi ke da damar nema. Ka tuna kuma ƙa'ida ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lacca kafin ya cancanci zama jarrabawa, ga gwaje-gwajen tsakiyar zango da ke da kasonsu a sakamako. Malami ba zai saurari labarin cunkoson Kwangila ba.

Kayan tafiya ba sa bukatar dogon bayani: gidan sauro, bokiti, kwado mai kyau, tocila, da bargo in zangon zai ratsa hunturu, don sanyin Samaru a Disamba da Janairu ba ya wasa. Gari da ƙuli-ƙuli da yaji sun ceci ɗalibai fiye da yadda za su yarda su faɗa.

Makon farko, yayin da wasu ke cewa ai ba a fara komai ba, ka zagaya ka gano ɗakunan laccarka tun kafin ranar, ka kwafi jadawali, ka yi katin ɗakin karatu. A Samaru ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ne, a Kongo kuma na Shugaba Kennedy. Ka karɓi jerin batutuwan kowane darasi daga malaminsa, ka raba su bisa makonni 15 ɗin nan, ka rubuta a bangon littafinka abin da ya kamata ka gama karantawa kafin gwajin farko.