Darasi Ga Malamai: Tsara Gwaje-gwaje A Manhajar Maki

Tun daga shekarar 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi cewa kada a auna ɗalibi da jarrabawar ƙarshe kaɗai. Dole a riƙa yi masa gwaji a kai a kai cikin zangon karatu, a tara makin, sannan a haɗa da na jarrabawa. A da malami yakan yi wannan lissafi da biro cikin babban littafi. Yanzu makarantu da dama suna yinsa da kwamfuta ko wayar hannu, ta hanyar manhajoji irin su Moodle da Google Classroom.

Manhaja ba ta san al'adar makaranta ba. Abin da aka gaya mata shi take bi. Saboda haka kafin malami ya shigar da makin yaro ko ɗaya, sai ya fara buɗe aji da darasi, ya sa sunayen ɗalibai, sannan ya kafa kowane gwaji da sunansa da ranarsa.

Kowane gwaji yana da lambobi biyu, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Ta farko ita ce cikakken makin da aka duba takarda a kansa. Ta biyu kuwa nauyin gwajin ne, wato kason da zai ɗauka cikin 100 na zango.

Ga misali. Makaranta ta ware 15 ga gwajin farko, 15 ga na biyu, 10 ga aikin gida, 60 ga jarrabawa. An duba gwajin farko a kan 20, wata yarinya ta ci 16. Idan malami ya kafa shi daidai, manhaja za ta ba ta 12 cikin 15. Amma idan ya bar cikakken maki a kan 100, za ta ɗauka yarinyar ta ci 16 cikin 100 ne, ta ba ta 2.4 kacal. Yarinyar da ta cancanci jimlar 54, wato C6 a ma'aunin WAEC da makarantu da yawa ke bi, sai ta faɗo 44, wato E8. Ita ba ta yi laifin komai ba, iyayenta kuma takardar sakamako kawai za su gani.

Sai batun gurbin da aka bari fayau. Yaro ya kwanta zazzaɓi ranar gwaji na biyu. In an rubuta masa sifiri, ya yi asarar 15. In an bar wurin babu komai, wata manhajar takan tsallake gwajin ta yi lissafi da sauran, har ya zarce wanda ya zauna ya rubuta. Wannan ba hukuncin na'ura ba ne. Shugaban makaranta da malamai su tsayar da magana ɗaya tun farkon zango, kuma mafi adalci shi ne a sake wa yaron gwajin idan ya warke.

Da an gama kafawa, malami ya ɗauki makin ɗalibi guda ya lissafa da hannu, ya gwada da abin da manhaja ta fitar. In sun saɓa, ya koma ya duba lambobin nan biyu. Takardun gwaji kuma a adana su har sai an raba sakamako, domin waya takan lalace ko ta ɓata.